Zuwa ga iyayena masu magani na kasuwar Gadarif ta Sudan, a kan tarin fuka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena maza na layin attarai, iyayena mata masu kasa saiwa da sassaƙe a bakin tasha, da wanzamanmu, ina gaishe ku da sana'a, ina gaishe ku da haƙurin wannan zamani. Wasunku za su gane ni ko ban faɗi suna ba. Ni ne yaron nan da ke zama bayan buhunan bagaruwa yana dakan hulba in an taso daga makarantar allo, shekara talatin ke nan. Da kuɗin ganye aka saya mini littafina na farko, da shi aka yi mini aure. Don haka in kun ji magana ta yi ɗaci nan gaba, ku tuna ɗan gida ne ya yi ta, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Maganar tari ce ta kawo ni, wanda Larabawan nan ke ce wa daran ko sull, gidajen rediyon Hausa kuma su ce tarin fuka ko tibi. Na rubuta a fili ne don na san 'ya'yanku za su karanta muku a waya, kuma don 'yan'uwanku na Kasala da Sinnar da Maiwurno da Damazin su ma su ji.

Ƙanena ya tafi haƙar zinariya can arewa, wajen Abu Hamad, ya yi shekara biyu a wurin injinan niƙa dutse, inda ƙura ke tashi fara fat har mutum ba ya gane abokin aikinsa. Ya dawo farkon 2023 da ɗan abin da ya samu, ya zauna a Madani da matarsa da 'yarsu, ya kafa teburin agashe, wato gasasshen nama. Ya dawo da tari kuma. Muka ce ƙura ce. Ni da hannuna na ɗaure masa bagaruwa da citta da kanumfari da ratal guda na zuma, na ba direba ya kai masa. Ya sha, tari ya lafa. Bayan sati uku ya dawo, na sake aikawa, ya sake lafawa. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wani wanzami ya duba masa baki ya ce beli ne ke sosa maƙogwaro, aka yanke. Yana rama, da yamma jiki ya ɗau zafi, da dare ya jiƙa shimfiɗa sharkaf da gumi ko ana sanyi. Mata suka fara raɗa cewa an yi masa sammu ne saboda ya samo zinariya. Wata bakwai muna haka, sai ranar da ya tofar da jini a gaban masu sayen nama.

Iyayena, laifin bagaruwa a wannan labari shi ne tana aiki. Da ba ta yin komai, da tun sati na biyu mun nemi wata hanya. Tana kwantar da maƙogwaro da gaske, zuma ma haka, citta ma haka. Amma tari a wannan ciwo ɗan aike ne, mai gidan yana can cikin huhu yana cin nama. Mu kuwa kullum ɗan aiken muke kamawa mu toshe masa baki, mu ce an samu sauƙi.

A watan Oktoba aka gwada majinarsa aka ce shi ne, aka ɗora shi a kan ƙwayoyi. Kafin wata biyu ya fara cin abinci kamar an sake shi daga kurkuku, kumatu suka dawo. Sai yaƙin Sudan ya ci Madani a Disambar 2023, mutane suka gudo nan. Kun ga abin da ya biyo baya da idonku, tunda makarantar da nake koyarwa ma ta koma masauki, iyali biyar ko shida a aji guda. Ya iso nan da ƙwayar kwana goma a aljihu, katin asibiti ya ɓace a hanya. Ya je wata cibiya aka ce ya dawo gobe, ya koma aka yi masa tsawa a kan katin. Ranar ce ya biyo ta kasuwa. Ɗayanku, wanda ba zan ambata ba don ya ci abinci a gidanmu, ya tambaye shi launin fitsarinsa. Ya ce ja. Sai ya ce masa, “Ka gani? Ƙwayar Turawa ce ke ƙona maka jini.” Ya sayar masa da jarka ta tsimi ya ce ta wankin ciki ce, in ta ƙare ya warke. Ni ma da na ji labari ban tsananta ba, don ina ganin mutum yana tafiya da ƙafarsa yana dariya.

Wata huɗu ciwo ya dawo, kuma wannan karon da aka sa majinar a na'ura sai ta nuna ƙwayar cutar ta daina jin babban maganin. Ya sha wata jinyar da ta fi ta farko wuya nesa ba kusa ba. Yana nan da ransa, alhamdulillah, amma ba ya iya ɗaga buhun riɗi, ko saurin tafiya masallaci sai ya tsaya ya huta. 'Yarsa mai shekara biyu, wadda ke kwana a ƙirjinsa a wancan ajin, ita ba ta kai ba. Allah ya sa mai ceto ce.

Wancan jan fitsari ba jini ba ne. Ɗaya daga cikin magungunan, rifamfisin, ja ne shi kansa, yana rina fitsari da gumi har da hawaye, kuma wannan rinin ba ya cutarwa. Da Baban nan ya san haka, na tabbata da bai faɗi abin da ya faɗa ba. Shi ya sa nake so ku ba ni dama in faɗi abin da na koya a wahale, ko da yake abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wannan dai a benci na koye shi, a layin masu jiran magani.

Cutar wata halitta ce ƙarama da ido ba ya gani, wani likitan Jamus mai suna Robert Koch ya bayyana ta ranar 24 ga Maris 1882. Jikinta lulluɓe yake da wani abu kamar kakin zuma, shi ya sa magani ba ya ratsa ta da sauƙi. Ba ta da gaggawa: ƙwayoyin cuta da yawa kan ninka kansu cikin mintuna, ita sai ta kusa kwana kafin ta rabu biyu, wasu ma su lafe su yi kamar sun mutu. Don haka ake haɗa mata magani huɗu na wata biyu, sannan biyu na wata huɗu, wata shida cif, kullum, gwargwadon nauyin mutum. Watanni biyun farko suna kashe masu yawa, mutum ya ji garau. Huɗun ƙarshe na masu lafewa ne. Wanda ya tsaya a tsakiya ya kashe maciji bai sare kansa ba, kuma waɗanda suka saura su ne masu taurin kai, su za su hayayyafa. Haka ake samun tarin da ba ya jin magani, kuma wanda ya ɗauka daga gare shi irin wannan mai taurin zai ɗauka kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 mutum wajen miliyan 10.8 suka kamu, miliyan 1.25 suka rasu. Ta kuma ce in ba a yi magani ba kusan rabin masu ciwon mutuwa suke yi, in an yi kuwa wajen kashi 85 cikin ɗari suna warkewa.

Na san abin da wasunku za su ce: kafin ƙwaya da me kakanninmu suka rayu? Da yawa ba su rayu ba, Baba. Kuma ba mu kaɗai ba. Turawa sun yi shekaru da dama suna kai masu wannan tari gidajen jinya a kan duwatsu, a ba su madara da ƙwai, a shanya su a rana, a hana su motsi. Kulawa iya kulawa, da kuɗi ba irin namu ba, amma likkafani bai daina fita ba sai da aka samu allurar sitireftomaisin a shekarun 1940. Abin da zai ba ku mamaki, ita kanta allurar daga wata halitta ta cikin ƙasa aka samo ta. Rifamfisin ma asalinsa ƙasar wani dajin kudancin Faransa ce da aka ɗiba a 1957. Maganin zazzaɓin sauro da ake rubuta mana yau daga tazargade 'yan Sin suka tace shi. Wato ƙwaya ba kishiyar ganye ba ce, 'yar ɗakinsu ɗaya. Bambancin shi ne an auna ta, an gwada ta a kan dubban mutane, an ƙirga waɗanda suka tashi da waɗanda suka kwanta. Tafarnuwa da wasu itatuwanmu an ga suna taɓa ƙwayar cutar a kwalbar ɗakin bincike, amma ba a samu ganye ko saiwa guda da aka tabbatar tana raba ɗan Adam da wannan ciwo ba. Ranar da aka samu, ni zan fara yi muku shela.

To ina amfaninku? Yana da yawa, kuma nan ne nake so mu daɗe.

Wannan ciwo abokin yunwa ne. Yana kama ramamme, kuma yana ramar da wanda ya kama. A jihar Jharkhand ta Indiya an yi wani babban bincike da aka fitar a 2023: aka riƙa bai wa mutanen gidan mai tari shinkafa da wake duk wata, sai yawan waɗanda suka kamu a cikinsu ya ragu da wajen kashi 40 cikin ɗari. Shinkafa da wake fa, ba wani sirri ba. Asibiti na ba da ƙwaya kyauta, amma ba ya ba da tuwo, ba shi da lokacin zama da mutum ya lallashe shi ya ci. Ku kuna da shi.

A jinyar ƙanena ta biyu wata Inna daga cikinku ce ta riƙe mu, tsohuwa mai sayar da kuka da tsamiya a ƙofar kasuwar hatsi. Ranar farko ta ce masa, “Ɗana, ƙwayarka ta likita ce, cikinka nawa ne.” Da asuba ya haɗiyi ƙwayarsa da ruwa zalla kamar yadda aka ce masa. In rana ta ɗaga sai ta aiko jikarta da kunun gero da aka dama da garin kuka, wanda nan ake ce wa gongoles, ko ruwan gudem, 'ya'yan itacen da muke bai wa mai ƙarancin jini. In tashin zuciya ya dame shi, ɗan shayin citta marar ƙarfi. In bakinsa ya mutu, hulba da madara dafaffiya, ko zoɓo mai ɗan tsami don ya ji daɗin loma. Cokalin zuma da dare saboda ƙaiƙayin maƙogwaro. Sauran duk abinci ne: dakwa, wato markaɗaɗɗiyar gyaɗa, a cikin salatin tumatir, adas, ful, ƙwai in an samu, busasshen kifi a miyar kuka. Duk sati biyu sai ta tura shi wurin mai sikelin riɗi ya hau, ta sa jikarta ta rubuta a bango da gawayi. Ranar da ya ce ya gaji da ƙwaya, cewa ta yi in ya bari kada ya sake sallama a rumfarta. Ba ta taɓa cewa ita ta warkar da shi ba, amma ni na san ba don ita ba da bai kai ƙarshe ba. Wannan shi ne aikin da nake roƙon ku riƙe: kwalbarku ta zauna a gefen ƙwaya, kada ta hau kujerarta.

Akwai kuma abin da nake roƙo ku janye daga mai wannan jinya har ya gama. Uku daga cikin magunguna huɗun nan hanta ce ke ɗaukar nauyinsu, tana aiki kamar jakin da aka yi wa lodi. In aka ƙara mata tsimin sassaƙe bakwai da ba wanda ya san ƙarfinsa, har mai haɗawar, tana iya durƙushewa. Idan mai shan ƙwaya ya zo muku ido ya yi rawaya, yana amai, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, kada ku ce shawara ce ku jiƙa masa saiwa. Hantar ce ke kuka, a kai shi asibiti ranar, su suka san yadda za su tsayar su sake ɗorawa. Haka in ya ce gani ya fara dishewa. In ƙafa ke masa zogi ko tana mutuwa, akwai ƙaramar ƙwayar bitamin B6 da ake bayarwa don haka. In gaɓoɓi ne ke ciwo, sau da yawa ɗaya daga cikin magungunan ne, ba sanyin ƙashi ba, ya faɗa wa likita.

Filasko, wato sanamaka, da duk wani mai sa gudawa, ku ɓoye shi. Mutum ya haɗiyi ƙwaya ku kuma ku kora ta waje, ga shi dama ba ruwa ba tsoka a jikinsa. Wanzamai, ku yi mini afuwa, na san wanzami ba ya son jarfa: mai tarin nan jininsa kaɗan ne, ƙaho ba ya ƙara masa komai, kuma beli bai taɓa zama dalilin tarin wata uku da rama ba. Hayaƙi ma haka. Lokacin korona gidaje da yawa a ƙasar nan sun turara bagaruwa, har abin ya zama al'ada, a rufe ƙofa da taga a sa mai tari ya shaƙa. Huhun da ke da gyambo ba ya son hayaƙi kowane iri, ko na turare, ko na ɗalhi da mata ke shiga, balle sigari da shisha. Nonon raƙumi ko na saniya da ake cewa a sha ɗanye don ƙarfinsa kada ya tafi, a tafasa shi. Shanu ma suna da nasu tarin da ke bi ta nono, ga kuma zazzaɓin maltiyya da kuka sani, shi ma ɗanyen nono yake bi.

Na ji wani a layinku yana ɗaga kwalbar man habbatus sauda yana karanta hadisi, yana cewa wanda ya yi imani ba ya bukatar asibiti. Hadisin ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma zuma Allah ya ambace ta da waraka a Suratun Nahli. Ba ni da ja. Amma Annabin da ya faɗi wannan, sallallahu alaihi wa sallam, shi ne ya ce ku nemi magani ya bayin Allah, shi ne kuma ya hana a kai raƙuma marasa lafiya cikin masu lafiya. Ban taɓa ganin mai habba ya karye a ƙafa ya ƙi zuwa wurin maɗori ba. A ci habba, a sha rubutu, a yi addu'a, a kuma haɗiyi ƙwaya. In azumi ya zo, mara lafiya yana da rangwame, wanda kuma ya ji zai iya ya tambayi likita lokacin da zai mayar da shan maganin, kada ya ajiye shi sai bayan salla.

Wani abin da bakinku zai gyara, wanda na likita ba zai iya ba, shi ne ƙyama. An ware wa ƙanena kwano da moɗa, wasu suka daina ba shi hannu, dangin matarsa suka zo ɗaukarta. Alhali ciwon ba ya bin kwano ko musafaha. Iska yake bi, daga tari da atishawa, a ɗakin da ba taga. Wanda ya fara magani daidai, bayan sati biyu zuwa uku haɗarinsa ga mutane ya ragu ƙwarai. Mai haɗarin shi ne wanda ke yawo da tari ba a gwada shi ba, yana kwana cikin yara. Mun ware kwano mun bar taga a rufe, kun ga inda muka yi asara. Ku riƙa faɗa wa mutane su buɗe taga, su shanya shimfiɗa a rana, mai tari ya rufe baki da gefen rawani ko mayafi, a kai mutanen gidan a duba su, musamman yara 'yan ƙasa da shekara biyar, don akwai maganin kariya da ake ba su. Da mun san wannan, wataƙila da yarinyar nan tana raye yanzu. Mai ciwon sukari da mai ƙanjamau da wanda ya yi aikin ramin zinariya, su tarinsu ko na kwana kaɗan ne abin dubawa ne.

Ban ce asibiti ba shi da laifi ba. Na ga layin da mutum zai tsaya tun hantsi har la'asar, na ga ma'aikacin da ke yi wa dattijo magana kamar yaronsa, na ga ranar da aka ce magani ya yanke. Yaƙin da ya fara a Afrilun 2023 ya rusa abin da dama bai tsaya da ƙafarsa ba. Su ma wasiƙarsu tana nan tafe. Amma ko sun gyaru gobe, mai tari wurinku zai fara zuwa, don ku ne ke jin harshensa, ku ne ke ba shi bashi, ku ne ba ku tambayarsa kati. Satin farko da na biyu na kowane tari a garin nan a hannunku suke.

Saboda haka abu guda nake nema kafin ku ɗaure wa kowa ƙullin bagaruwa: ku tambaye shi tun yaushe. In ya ce ya kai sati biyu, ko yana rama, ko gumin dare, ko ya ga jini ko ɗigo ne, ku ba shi zumarsa in kuna so, amma ku ce masa ba za ku sake sayar masa ba sai ya kawo takardar gwajin majina. Na'urar da ake kira GeneXpert tana fitar da sakamako cikin kamar awa biyu, har ta nuna ko ƙwayar cutar tana jin magani. In kuma kun ba mai jinya wani abu, ku faɗa masa sunansa, ya faɗa wa likita, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na san kuna tunanin ciniki, ni ma ɗan kasuwa ne ya haife ni. Ku lissafa da kyau: jarkar tsimi sau ɗaya ake saye, amma mai jinyar wata shida kullum yana bukatar kuka da zuma da hulba, kuma in ya tashi shi da zuriyarsa naku ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan biyo layin tare da ƙanena. Zai zo da katinsa na biyu da fankon ƙwayoyin da ya shanye, ya tara su a leda bai yar ba, duk mai so ya gani ya ƙirga. Baban da ya sayar masa da jarka, wallahi ba faɗa zai kawo mu ba, rumfarka za mu fara sauka, ka sa a ɗora shayi. Inna kuma a auna mini kuka mudu biyu, akwai wani yaro a ajinmu da aka ɗora a kan ƙwaya shekaranjiya, nauyinsa kilo 41.

Wassalam,
ɗanku, malamin makaranta a Gadarif